Kwamfuta Na Mutuwa Da Zarar An Jona Ta Da Wuta: Inda Matsalar Take Da Yadda Ake Gano Ta

Tambaya ce da ta sha zo mana daga ɗalibai, malaman makaranta, masu shagon buga takardu da ma'aikatan ƙungiyoyi: kwamfutar tafi-da-gidanka tana aiki lafiya lau a kan batir, amma da an soka mata caja sai ta mutu. Wata nan take, wata bayan minti biyar ko goma.

Mu ma abin ya taɓa cin mu. Wata rana a tsakiyar bazara, saura kaɗan mu shiga labaran rana, batirin kwamfutar da ke ɗauke da muryoyin da muka naɗo ya yi ƙasa. Muka jona caja, sai fuska ta yi baƙi ƙirin. Muka tada ta, ta sake mutuwa. Ranar da baki muka karanto abin da mutane suka faɗa, muryoyinsu ba su fita ba. Daga baya aka gano cajar da aka sayo a kasuwa bayan ta asali ta ɓace ita ce ummul haba'isin. Tun daga nan muka riƙa tattara bayani a kan wannan matsala, ga shi mun jera muku shi daki-daki, daga abin da ba ya cin ko dala zuwa abin da sai an je wurin mai gyara.

Kafin komai, ku kwashe kayanku

Tunda kwamfutar tana tashi a kan batir, ku yi amfani da ɗan cajin da ya rage ku kwafe muhimman takardu zuwa kile ko wani diski na waje. Ɗalibin da ke rubuta kundin kammala karatu a jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maradi, ko André Salifou ta Damagaram, ko Djibo Hamani ta Tahoua, ko Abdou Moumouni ta Yamai, ya san abin da muke nufi. Kowace mutuwar bazata tana iya lalata takardar da ake cikin rubutawa, wani lokaci har Windows ɗin kanta ta ƙi tashi. Kuma batirin da ba a iya yi wa caji, in ya ƙare ya ƙare ke nan. Don haka kada a ɓata shi wajen gwaje-gwaje kafin a adana aiki.

Me ke canzawa idan an jona wuta?

Abubuwa uku ne ke faruwa lokaci guda. Na ɗaya, wasu ƴan makunnai da ke kan babban allon ciki, wanda masu gyara ke kira kart mer, suna sauya hanyar wuta daga batir zuwa caja. Na biyu, batir ya fara shan caji, wato caja na ciyar da kwamfuta da batir gaba ɗaya. Na uku, Windows ta saki linzami: a kan batir tana rage gudun ƙwaƙwalwar kwamfuta da hasken fuska don tattali, a kan wuta kuwa tana barin komai ya yi gudu iya ƙarfinsa, zafi ya ƙaru. Duk matsalar da za mu lissafa, a ɗaya daga cikin ukun nan take fakewa.

Ku lura da irin mutuwar

Wannan shi ne rabin binciken, domin kowace irin mutuwa da inda take nuni.

Idan fuska ce kawai ta ɗauke, amma ƴan fitilu na ci, fanka na juyawa, to kwamfutar ba ta mutu ba. Barci ta yi ko haske ne ya tafi, kuma galibi saiti ne.

Idan Windows ta rubuta cewa tana rufewa, ta rufe cikin tsari, wannan ma ya fi kama da saiti ko wata manhaja.

Idan ta mutu ɗif a daidai lokacin da kan caja ya shiga, sai a tuhumi caja, ramin caja, ko kart mer.

Idan sai ta yi ƴan mintuna, fanka na ƙugi, ƙasanta ya yi zafi, sannan ta mutu, zafi ne ko kuma cajar ce ba ta da ƙarfin ɗaukar nauyin.

Mataki na 1: piriz da ralanji

A cire duk abin da ke maƙale da kwamfutar: kile, firinta, wayar da ake caji, wayar sauti. A bar ralanji, a soka caja kai tsaye a piriz na bango, in da hali ma a gwada a wani gida. Ralanji mai arha wayarsa siririya ce, ramukansa kan saki, fish ya riƙa rawa a ciki yana tartsatsi. Haka ma ɗan adaftan nan da ake sa wa cajar da ta shigo daga Najeriya mai ƙafa uku masu faɗi don ta shiga piriz ɗinmu mai ramuka zagayayyu, sau da yawa shi ne ba ya kamawa da kyau.

Wutar gida a Nijar volt 220 ce. Ku duba bayan cajarku, za ku ga an rubuta 100-240V, ma'ana caja mai kyau tana jure wa raguwar wuta sosai. Abin da ba ta so shi ne wutar da ke ƙyaftawa, da bugun da wuta kan yi idan ta dawo bayan ɗaukewa. Shi ya sa idan an ɗauke kuran ya kamata a zare caja, a jira wuta ta zauna ƴan mintuna bayan dawowarta.

Masu aiki da ƙaramin gurup ko pano, ku ma ku lura. Ƙaramin gurup wutarsa kan hau ta sauka duk lokacin da firji ko famfon ruwa ya tashi. Konbertiser mai arha kuma, wanda ke maida wutar batirin pano ta koma ta gida, ba ya fitar da wuta mai santsi, har za ku ji caja na ƙara tana zafi. Idan kwamfuta na lafiya a kan wutar gari amma tana mutuwa a kan gurup ko pano, kun gano bakin zaren.

Akwai kuma batun wayar ƙasa. Gidaje da yawa ba a haɗa ta ba. Alamarta, ka taɓa jikin kwamfuta ka ji tana ɗan ja, ko kibiyar fuska ta riƙa tsalle da kanta idan caja na ciki. Wannan aikin mai haɗa wuta ne.

Mataki na 2: caja

A nan aka fi samun laifin, kuma nan ya fi sauƙin gyara. A ƙasan kwamfuta, ko ƙarƙashin batir, akwai takarda da ta faɗi wutar da take buƙata. A bayan caja ma akwai abin da take fitarwa. Ku gwama su.

Lambar da ke da V a gaba ita ce volt, kuma dole ta zo daidai. Yawancin Dell da HP 19.5V suke sha, Lenovo 20V, Acer, Asus da Toshiba 19V. Lambar da ke da A ita ce amper, ita kuwa ta caja ta yi daidai da ta kwamfuta ko ta fi, kada dai ta gaza. Idan aka ninka biyun za a samu ƙarfin caja: 19.5 sau 3.33 ya ba da wat 65, 20 sau 3.25 shi ma 65 ne, 19 sau 4.74 ya ba da 90. Kwamfutar da ke son wat 90 aka ba ta cajar wat 45 ko 65, tana iya tashi, amma da aiki ya yi nauyi ga kuma batir na sha, sai caja ta gaza ta yanke. Idan batir ya riga ya tsufa ba zai iya tare ta ba, sai ta mutu.

Matsalar ita ce cajar jabu ma tana ɗauke da rubutu mai kyau, wat 65 ko 90, alhali cikinta bai kai ba. Alamunta, ba ta da nauyi a hannu, tana zafin da ba a iya riƙe ta, rubutun jikinta na gogewa da yatsa. Hausawa sun ce araha ba ta ado. Haka cajar nan mai kawuna da yawa da maɓallin zaɓen volt, kuskure kaɗan a zaɓen ya isa ya ƙona kart mer.

Cajar Dell da HP tana da siririyar allura a tsakiyar kanta. Ba ado ba ce, ta nan ne kwamfuta ke gane irin cajar da ƙarfinta. Idan allurar ta lanƙwashe ko ta karye, kwamfuta kan ƙi yin caji ko ta rage gudu, in kuma ta taɓa gefe tana iya haɗa wuta. A Dell, idan kuka danna F2 lokacin tashi kuka shiga BIOS, akwai wurin da ke nuna wat nawa ta gane a cajar. In ta ce ba ta san cajar ba, to ko cajar ko ramin na da matsala.

Sababbin kwamfutoci masu caji ta USB-C, su ma kada a ruɗe don kan cajar waya ya shiga. Yawancinsu volt 20 suke nema, ƙaramar cajar waya ba ta kai nan. Wayar USB-C ta yau da kullum kuma wat 60 ce iyakarta, abin da ya haura sai waya ta musamman.

Ku bi wayar da yatsa tun daga fish har kai, musamman inda take fita daga akwatin caja da gindin kai, nan ne take karyewa saboda naɗewa. Ku canza guntuwar wayar da ke zuwa bango, ita ma tana lalacewa. Sannan babban gwaji: ku ari caja ta asali irin taku sak daga wani, ku gwada. Idan matsalar ta tafi, magana ta ƙare. Mai gyara na iya auna cajar da multimetir, amma ku sani caja kan nuna volt daidai idan ba ta ɗauke da komai, ta faɗi idan aka ɗora mata nauyi. Aron caja ya fi awon tabbas.

Wata alama mai muhimmanci: idan cajarku na da ƴar fitila, tana ci lafiya, amma da kun soka ta a kwamfuta sai fitilar ta mutu, to wuta na haɗuwa a ramin caja ko a kart mer, cajar na kashe kanta ne don kariya. Kada ku ci gaba da gwadawa.

Mataki na 3: ramin caja

A kashe kwamfuta, a haska ramin da tocilar waya. Akwai yashi ko ƙura? Akwai baƙin ƙuna ko robar da ta narke? Idan an soka caja kan yana rawa? Fitilar caji tana kawowa tana ɗaukewa idan an motsa wayar? Duk wanda aka gani, ramin ya saki. Yawanci tuntuɓe da waya ke jawo haka, ko ɗaukar kwamfuta caja na maƙale. Ƙura a fitar da ita da busasshen buroshin haƙori ko tsinken itace, ban da allura ko wani ƙarfe. A wasu kwamfutoci ramin na kan ƴar waya ce da ake cirewa a sa sabuwa cikin sauƙi, a wasu kuma like yake da kart mer da darma, sai gwani.

Mataki na 4: sauke ragowar wuta da gwajin batir

A zare caja, a cire batir idan mai cirewa ne, a danne maɓallin kunnawa na daƙiƙa 30. Wannan yana sauke ragowar wutar da ke cikin kwamfuta, ya sa ɗan guntun da ke kula da caji ya faro daga farko. Wasu ThinkPad da Acer masu batir a ciki suna da ɗan ƙaramin rami a ƙasa da ake dannawa don wannan aikin. Sau da yawa wannan kaɗai kan warware matsalar.

In ba ta warware ba, a bar batir a waje, a jona caja kaɗai a kunna. Idan ta yi aiki lafiya babu batir, to batirin ne abin zargi na farko, ko da yake caja mara ƙarfi ma kan nuna haka, tunda an rage mata nauyi. Shi ya sa muka sa gwajin caja a gaba. Idan kuwa ta mutu ko babu batir, laifin ba nasa ba ne.

Don sanin lafiyar batir a Windows, a buɗe wurin rubuta umarni a rubuta powercfg /batteryreport. Za ta fitar da rahoto mai nuna ƙarfin da aka ƙera batirin da shi, da wanda yake iya ɗauka yanzu. Idan na yanzu bai kai rabin na asali ba, batir ya gaji.

Gargaɗi: idan wurin shafa yatsa ya ɗago, ko kilabiye ya yi tudu, ko murfin ƙasa ya fara buɗewa da kansa, batir ya kumbura. A daina yi masa caji nan take. Kada a matsa shi, kada a huda shi, kada a jefa shi a shara da za a ƙona, domin batirin litiyom yana kama wuta. A kai wa mai gyara ya cire.

Mataki na 5: zafi da ƙura

Wannan namu ne na gida. Kamfanoni da yawa sun rubuta cewa kwamfutocinsu an yi su ne don aiki a wurin da zafinsa bai wuce digiri 35 ba. Mu kuwa a watannin Afrilu da Mayu ma'auni kan haura 40 a Maradi, Damagaram, Tahoua da Yamai. Ga ƙurar hunturu da ta riga ta toshe hanyar iska tun daga Disamba. Ƙwaƙwalwar kwamfuta idan ta kusanci digiri 100 tana rage gudu da kanta, in zafin bai sauka ba sai ta kashe komai don kada ta ƙone. A kan batir gudun kaɗan ne, zafin bai kai nan ba. A kan wuta sai ya kai.

Ku sa hannu a bakin ramin iska. Idan fanka na ƙara amma iska ba ta fita sosai, ƙura ta yi katanga a ciki. Idan fanka shiru kwamfuta na zafi, fankar ta tsaya. Maganin shi ne a buɗe a share, a goge tsohon man sanyaya da ya bushe a kan ƙwaƙwalwa a sa sabo. A irin yanayinmu, sharewa sau ɗaya a shekara, bayan hunturu kafin bazara, ba ta yi yawa ba. Kuma a daina ɗora kwamfuta a kan katifa, darduma ko matashi. A sa ta kan tebur ko faranti, a ɗan ɗaga bayanta.

Akwai gwaji mai sauƙi. Tunda yawancin kwamfutocinmu da Faransanci suke, a shiga «Options d'alimentation», a buɗe saitin zurfi, a nemi «État maximal du processeur». A layin «Sur secteur» a rage daga 100 zuwa 99, ko ma zuwa 70. Rage wa zuwa 99 kaɗai yana hana ƙwaƙwalwa yin gudun ƙari a kwamfutoci da yawa. Idan mutuwar ta tsaya, to zafi ne, ko caja mara ƙarfi, ko wani abu a kart mer da ba ya jure nauyi. Wannan dabara ce ta lallaɓawa a gama aiki, gyara na nan yana jira.

Mataki na 6: Windows ce ko ƙarfe?

A jona caja a kunna, a shiga BIOS kafin Windows ta tashi: F2 a Dell, Acer da Asus, F10 a HP, F1 a ThinkPad. A bar ta nan minti 20. Idan ta mutu a BIOS, Windows ba ta da hannu, matsalar ƙarfe ce. Idan ba ta mutu ba, ana iya zargin saiti, amma fa ba a wanke zafi da caja ba tukuna, don a BIOS aikin ba shi da nauyi.

A cikin «Options d'alimentation» kowane saiti kashi biyu ne, «Sur batterie» da «Sur secteur». Wani kan sa lokacin barci minti ɗaya a ɓangaren wuta bai sani ba. A maida komai yadda ya zo daga kamfani. Sannan a «Gestionnaire de périphériques», ƙarƙashin «Batteries», a cire direban batirin da ke da ACPI a sunansa, a sake kunna kwamfuta, Windows za ta maido shi da kanta.

Mai son tabbaci ya buɗe «Observateur d'événements». Lamba 41 mai suna Kernel-Power, da lamba 6008, suna nufin kwamfuta ta mutu ba shiri. Lamba 1074 kuwa tana nufin wata manhaja ce ko mutum ya ba da umarnin rufewa, har sunan manhajar take nunawa.

Wasu za su ce muku ku sabunta BIOS. Gaskiya ne sabuntawar kan gyara wasu matsalolin caji, amma aikin yana buƙatar caja a jone, kuma idan kwamfuta ta mutu a tsakiyarsa tana iya ƙin tashi har abada. Kwamfutar da ke mutuwa a kan wuta ba a yi mata wannan a gida. Kada garin neman gira a rasa ido.

Mataki na 7: kart mer

Idan piriz lafiya, caja ta asali ce, rami lafiya, an gwada ba batir, an share ƙura, amma har yanzu tana mutuwa, saura kart mer. Abubuwan da aka fi samu su ne makunnan da ke bakin shigar wuta, guntun da ke kula da caji, ko wani kondansater da ya mutu.

Akwai misalin da masu gyara a duniya suka sani. Tsofaffin Toshiba Satellite na wajen 2007 zuwa 2009, irin su A200, A300 da L300, da yawansu sun yi wannan ciwon: lafiya a kan batir, da an jona wuta su daskare ko su mutu. Dalili shi ne wani faffaɗan kondansater mai tambarin NEC/TOKIN da ke daidai bayan ƙwaƙwalwa, wanda ke rauni da shekaru. A kan batir gudun kaɗan ne yana iya ɗauka, a kan wuta sai ya kasa. Masu gyara kan cire shi su sa ƙanana huɗu masu 330 µF a madadinsa, kwamfuta ta dawo daidai. Darasin shi ne, ba duk matsalar kart mer ce ke sa a jefar da kwamfuta ba, wani lokaci abu ɗaya ne ƙarami.

Idan za ku je wurin mai gyara

Ku tafi da cajarku, kada ku bar ta gida. Ku gaya masa irin mutuwar da gwajin da kuka riga kuka yi. Ku nemi ya gwada da tasa cajar a gabanku. Ku yi ciniki kafin a buɗe, ku ce a maido muku da duk abin da aka cire. Idan ya ce sai an goge Windows an sa sabuwa alhali kun ga tana mutuwa tun a BIOS, ku sani gogewar ba za ta yi magani ba, takardunku kawai za su tafi. Idan kuma kwamfutar sabuwa ce da garanti, kada kowa ya buɗe ta, a maida ta inda aka saya. In kuɗin gyaran kart mer ya kusa kuɗin wata kwamfutar ta hannu mai kyau, a cire diski a adana, a yi shawara.

Idan kuka ji warin ƙuna, ko kuka ga hayaƙi ko tartsatsi, ku zare daga bango, kada ku sake jonawa har sai gwani ya duba.

Masu sayen kwamfuta ta hannu kuma, kada ku biya sai kun gwada ta a kan batir, kun gwada a kan caja, kun soka kun zare tana kunne, kun bar bidiyo na tafiya kamar minti 15 caja na ciki. Ku duba ko cajar da aka haɗa muku ta dace da rubutun ƙasan kwamfutar.

Wanda ya bi matakan nan bai gano ba, ya aiko mana da sunan kwamfutarsa, lambobin da ke bayan cajarsa, da irin mutuwar da take yi, za mu duba tare a shiri na gaba. Mu kwana nan, a huta lafiya.